Mai Tura Keke a Ƙofa ta Uku

Birnin Sanya, farkon hunturu

Baba,

Ganin rubutuna tamkar ganin fuskata ne. Ina gaishe ka daga nan bakin teku, inda ko da hunturu zafi ake yi, da fatan sanyin garin Jiamusi bai taɓa maka gwiwoyi ba.

Na san za ka yi mamakin takarda daga gare ni, amma wayar da na saya maka kullum a kashe take. Maganar Mama ce. Mantuwar ta ƙaru. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta, ta tambaye ni ko an buɗe kantin masana'anta.

Akwai wani shiri da ake nunawa a talabijin kowace yamma, na jami'an tsaron ƙasa da ke farautar masu satar sirrin wata masana'anta. Ina wanke kwanuka sai na ji ta ce, "Zo ki ga baban Manman ya fita ba mayafin wuya." Na zo da kumfa a hannu. Baba, kai ne. Ga jarumai biyu suna magana a gaba, ga ka can baya kana tura keke, cikin shuɗiyar rigar aiki, gashinka baƙi wuluk. Kuma masana'antarku ce, na gane dogon bututun hayaƙin.

Tun ranar ba ta yarda a kashe akwatin. A wurinta taga ce. Ta ɗauka har yanzu kai ne injiniya mai fassara zanen injina, ita kuma mai riƙe makullin ɗakin da ake ajiye su, an dai ba ta hutun jinya a bakin teku. Ta manta kun rabu.

Likita ya ce abin da ke kan takarda ya fi zama mata, don tana iya sake karantawa. Ka rubuto mata ko da layi biyu ne. Kuma ka gaya mini yadda aka yi ka shiga talabijin.

'Yarka cikin ladabi,
Manman

Jiamusi, bayan kogi ya daskare

Manman,

Takardarki ta iso, na gode da gaisuwa. Gwiwoyina suna nan. Su kaɗai ne ba a sayar ba cikin kayan masana'antar.

Bazarar da ta wuce wasu matasa masu huluna a juye suka zo da manyan motoci, suka nome ciyawar da ta cinye harabar, suka shafa fenti a bangon da kyamara za ta gani kawai. Suka ce suna neman tsofaffin fuskoki. Tsoho Dou, mai walda na da, shi ya ja ni. Ya ce, "Injiniya Pang, tashi mu je, akwai shinkafa da nama. Rashancinka ba zai dafa maka komai ba." Na je.

A wurinsu kowa malam ne. Mai riƙe lema malam, mai raba abinci malam. Ni da na karanta Rashanci da Jamusanci, na fassara zanen injinan da suka haskaka rabin lardin nan, sai yanzu aka ce mini Malam Pang, don in tura keke daga ƙofa ta uku zuwa famfo. Wata yarinya ta shafa mini baƙin rini a ka. Dou ya ce, "Ango, ina ka baro amarya?" Na ce ya je ya nemo haƙoransa tukuna.

Labarin nasu dariya yake ba ni. Kyawawan samari suna tsalle a kan rufi, suna ba da ransu don kada wani zane ya bar ƙasar. Ni na ga ranar da zanen nan suka fita, shekarar da aka sallame mu. A baro aka turo su, aka auna a sikeli, aka sayar wa mai naɗe soyayyar gyaɗa. Babu ɗan leƙen asirin da ya wahalar da kansa.

Amma wata safiya suka kunna injin hayaƙi a gindin bututun, suka busa jiniyar shiga aiki. Hayaƙin ƙarya ne, ko ƙauri ba ya yi. Duk da haka sai ga tsofaffin unguwa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da sanda, wata riƙe da kwanon abincinta na da, suna nufar ƙofa kamar masu tafiya cikin barci. Audugar itatuwan bakin hanya tana ta sauka a kansu. Na ɗaga kai na dubi tagar ɗakin zane a bene, na ga kamar an ɗaga labule. Babu labule a wurin, ko gilashi ma babu.

Ki kula da abu ɗaya. Can wajen ƙarshe mai ba da umarni ya ce fuskata ta dace da mutumin da duniya ta yaudara, sai ya ba ni rawar da zan taka. Ni ne injiniyan da ya saci zanen, aka kama shi. Kada ki bari ta ga wannan kashin.

Ba zan rubuta mata ba. Mun yi saki a takarda don masana'anta ta ba mu ɗaki na biyu, kamar yadda rabin unguwa suka yi. Da aka raba makullai kowa ya koma wa matarsa. Ita ta ga zama ita kaɗai ya fi mata daɗi. In ta manta ta huta. Ni ban manta ba.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Babanki

Daga bakin teku

Baban Manman,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen sashenmu. Sun kawo ni wani wuri mai ɗumi. Ruwan yana ta zuwa yana komawa, kamar ya manta abin da ya zo ɗauka. Wata mata mai kirki ce ke kula da ni. Haka Manman ɗinmu za ta zama in ta girma.

Ina ganinka kowace yamma ta taga. Kana wucewa ta ƙofa ta uku, ba ka waiwayowa. Na ɗaga maka hannu. Ka rame. Kana cin abin da nake zuba maka a kwano, ko Dou kake ba wa? Tayar baya ta keken tana son iska.

Akwai baƙin fuskoki a harabar, wasu samari masu baƙaƙen kaya suna ta gudu. An ce ɓarawon zane ake nema. Makullin yana wuyana, yanzun nan na taɓa shi. Ka gaya wa shugaban sashe ya kwantar da hankalinsa.

An jiƙa kabejin da za mu ci da hunturu a tulu kuwa? Kada ka cika gishiri, kuma ka ɗora dutsen nan mai faɗi a kai.

Lemo ya yi yawa a nan, amma ba wanda ya iya ɓare shi zare ɗaya ba tsinkewa, yadda kake yi.

Ka zauna lafiya.

Matarka,
Guilan

Sanya, tsakiyar hunturu

Baba,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri, abin da ka hana ya faru.

Ina wurin aiki a otal, maƙwabciyarmu da ke zama da ita ta bar akwatin a kunne. Mama ta ga sun danne ka a jikin mota, sun sa maka ankwa, tabarau ɗinka ya faɗi ƙasa wani ya taka. Na dawo na same ta a bakin ƙofa sanye da rigar sanyi, cikin wannan zafin, tana jiran mota. Na ce, "Mama, ina zuwa?" Ta ce, "Ba da shaida. Makullin yana wuyana, ta ina zai shiga? Mutumin da ko fensirin ofis bai taɓa kawowa gida ba." Makullin tsohon akwatin kayanta ne, Baba.

Na zaunar da ita na yi mata bayani cewa wasa ne, har na nuna mata hoton jarumin yana tallar man wanke gashi. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gane. Sannan ta tambaye ni wane kurkuku aka kai ka.

Ta daina cin abinci. Na dama mata kunun gero yadda take so, ta ture. Ta ce, "Su a can ba a ba su, ni yaya zai wuce mini?" Shayi kawai take kurɓa. Likita ya ce in ta ci gaba haka sai an kwantar da ita an sa mata roba ta hanci, kuma zuciyarta ba lallai ta ɗauka ba.

Ban taɓa shiga tsakaninku ba. Ka zo ta gan ka da idonta.

'Yarka,
Manman

Jiamusi, cikin Babban Sanyi

Manman,

Gaisuwa. Na karanta.

Nan ma an gani. Mai sayar da awara ta ce mini, "Maci amanar ƙasa, guda nawa za a yanka maka?" Dou ya ce tun da can ya san idona ba na gaskiya ba ne. Rayuwata duka na yi aikin gaskiya ba wanda ya san sunana. Na yi satar ƙarya ta yini ɗaya, gari ya san ni.

Ba zan zo ba. In na bar gidan bututun ruwa zai daskare ya fashe. Kuma ki yi tunani: ba ni take nema ba. Wancan mai baƙin gashi take nema, wanda ke da aiki da keke da mata. Rinin ya wanke tun kaka. Wanda zai sauko daga jirgin ƙasa wani tsoho ne mai furfura da tari, ba za ta san shi ba, ni kuma in tsaya a ɗakinki kamar mai karɓar kuɗin lantarki.

Kwanan nan ina yawan mafarkin harabar. Ina tura keken, ƙofar tana matsawa gaba, ana ta cewa a sake ɗauka.

Ga 'yar takarda, ki ba ta.

Guilan, ba a kama ni ba. Wasan talabijin ne. Ina gida, kabeji yana cikin tulu, na ɗora dutsen. Ki ci abinci. Pang Shouyi.

Babanki

Daga bakin teku

Baban Manman,

Ina gaishe ka da zaman haƙuri. Na ji daɗi da suka bar ka ka rubuto. Na san dole ka ce kana gida, tunda sai sun karanta kafin su aiko. Ban ji haushi ba.

Ga safa na saƙa maka. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo, hannuna ne ya ƙi tsayawa. Ka sa su ko da za su yi maka dariya, siminti yana da sanyi.

Kada ka damu da cin abincina. Ranar da ka ci zan ci.

Yanzu in na duba taga ba ka wucewa. Keken ma babu. Sai hayaƙi kawai yana tashi, fari, ba ya zuwa ko'ina.

Na san yadda suke yi. Za su zo mini da takarda su ce in sa hannu na raba hanya da kai, don kada abin ya shafi Manman. Ba zan sa ba. Ko ɗaki za su ba ni, ko ɗaki goma, ba zan sa ba. Duk wanda ya tambaye ni, mijina ne.

Ka riƙe kanka.

Matarka,
Guilan

Daga bakin teku

Baban Manman,

Ina gaishe ka. Ina da labari.

Wani tsoho ya zo gidan nan, kansa fari fat, da ƙaramar jaka. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallona. Na ce, "Kawu, wa kake nema?" Can ya ce tare kuke a ciki, shi an sake shi.

Na tambaye shi ko ana ba ku abinci. Ya ce shinkafa da nama, kuma kowa a can malam ake ce masa, har mai riƙe lema. Na ce ya rantse. Ya ce, "Uwargida, ni ban iya ƙarya mai daɗi ba, da na iya da ban tsufa haka ba." Sai na sha kunu, kwano ɗaya da rabi.

Mutum ne mai mita. Zafi ya yi masa yawa, teku ta cika surutu, jaruman taga ba su iya riƙe zane ba. Amma jiya ya ɗauki lemo ya ɓare mini, zare ɗaya, bai tsinke ba. Na ce wa ya koya masa, ya ce kai. Matar da ke kula da ni ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Safar da na aiko maka na gani a ƙafarsa. Ya ce kai ka ba shi. Ban ji daɗi ba, amma halinka ne.

Da alama ba shi da wurin zuwa. In bar shi ya zauna? Ba na son maƙwabta su yi magana, shi ya sa na ce sai na tambaye ka.

Matarka,
Guilan

Daga inda nake

Guilan,

Ina gaishe ki. Na ji kin sha kunu.

Na san tsohon. Yana da baƙar magana, yana munshari, ba ya gode wa kowa. Amma ba ya sata. Ki bar shi ya zauna har in fito. Sun ce da sauran lokaci.

Maƙwabta su yi ta magana.

Mijinki,
Shouyi