Irin Tuffa a Bakin Riga

Inna,

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Irin tuffan da kika ɗinke mini a bakin riga ranar da na shiga jirgin ruwa, har jiya ban farke shi ba. Tsoro ne ya hana ni: in na shuka, na zauna a nan ke nan.

Ina gaishe ki da Baba. Yaya ƙafar ƙanena Giles? Ni lafiya lau nake a nan garin Salem. Hannuwana sun tsattsage da dafa sabulun toka, amma kowa ma haka. Sanyin bana ya ɗauki surukar gidan, ya bar jaririyarta, wadda ba ta barci sai a jikina. In da hali, aiko mini da allura.

Jiya uwar ɗakina, Mehitabel, ta lalubo irin tana wanki. Ta ce, "Sarkin kunya, rigar ce za ta tsiro? Wa'adin aikinki zai cika da kaka. Jirgi za ki bi ki koma gida?"

Inna, ki yafe mini. Da safiyar nan na shuka shi bayan garken shanu. An ce sai ya yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya. Zan jira.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Tamsin