Tayin Abinci Ya Rusa Mini Kasafi

Zuwa ga ƙanena abin alfahari,

Bayan gaisuwa irin ta manya, ina fatan kai da mutanen gida kuna lafiya. Ni ma kalau nake, in ban da wandona da ya fara yi mini yawa.

Ka nemi bayanin abin da rayuwa ke ci a wata kafin ka taso. Haya tana haɗiye rabin albashi, mota da wuta su yagi rabonsu. Duk wannan na shirya masa, kasancewata mutum mai zurfin nazari. Abin da ban sa a kasafi ba shi ne bakina.

Kicin ɗaya muke girki da wani ƙaton direba mai fara'a. Ranar farko na ce masa, "Zo mu ci," ina jiran ya ce ya ƙoshi kamar kowane mai kunya. Sai bawan Allah ya ce, "Kai, maƙwabci, ka biya ni!" ya jawo kujera. Tun daga ranar, da ya ji motsin murfin tukunya sai ga shi da cokalinsa. Shinkafar wata guda ba ta ganin tsakiyar wata. Na sha ƙudurta yin shiru, wallahi, amma muna haɗa ido sai tayin ya suɓuce da kansa.

Saboda haka ka ware kason baƙo tun daga gida. Ka kuma tambayar mini Inna cikin ladabi: tarbiyyar nan da ta ɗora mini, ba ta da hutu ko a ƙarshen wata?

Yayanka mai dogon haƙuri.