Cinikin Jar Mota

Lome, watan Yuni

Zuwa ga Da Adaku, maƙwabciyar rumfata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar, kumburin ya sace kuwa? Yaya jikoki da sanyin Kpalime? Ni lafiyata ƙalau, zama ne kawai ya ishe ni.

Tun da na miƙa wa wata rumfar atamfata ta kasuwar Asigame gidan nan ya yi mini girma. Ɗana Ekue yakan bugo waya daga Faransa ranar Lahadi, kullum maganarsa ɗaya: "Mama, ki huta, ki ci kuɗinki." In ci da wa? Akwai ranar da nake wuni ban buɗe baki ba sai don loma.

To ga labari, kuma ban yarda ki yi mini dariya ba. Shekaranjiya ina dawowa daga awon jini ruwa ya tsare ni a ƙofar shagon sababbin motoci na bakin teku, na shiga in fake. Sai ga wata jar mota ta tsere, kujera biyu kacal, ta lafe a ƙasa kamar kwaɗo. Mai sayarwa, wani mai sanƙo da ake kira Fo Mesan, ya dubi zanen jikina ya gane tsadarsa, ya taso da sauri. Da wasa na tambayi kuɗinta. Yana faɗa bakina ya riga ni, na taya rabi.

Ya ce, "Haba Mama, nan ba Asigame ba ce. Ga farashi a manne jikin gilashi."

Na ce, "Ɗana, ni ma na sha manna farashi. Don baƙo ake yi."

Ya kwashe da dariya, ya dafa ƙirji ya ce, "To albarka!" Da Adaku, rabona da in ji kalmar nan tun barina kasuwa. Sai da tsigar jikina ta tashi. Gobe ma zan koma.

Taki,
Ayoko

Lome, watan Yuli

Da Adaku,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Kin ce na haukace. Na ji, na gode.

Kusan kullum ina can. Da safe in yi wanka, in ɗaura ɗankwali, in sa a soya doya in tafi da ita, mu ci muna fafatawa. Na kushe motar nan ta ko'ina. Na ce bayanta ko turmin atamfa uku ba zai ɗauka ba. Na ce ramukan unguwarmu za su yaga mata ciki kafin damina ta fita. Shi kuma ya tayar da injin, shago ya ɗauki ruri, ya ce, "Mama, wannan muryar kike tayawa kamar busasshen kifi?" Ashe uwarsa kifi take sayarwa a bakin tasha, ciniki a jininsa yake. Ya rage kaɗan, in ƙara kaɗan kamar mai sa gishiri.

Ke ba zan ɓoye miki ba, ba na son motar. Sau ɗaya na shiga, sai da mutum biyu suka ciro ni saboda gwiwa. Tuƙi ma ban taɓa koya ba. Na san daidai kuɗinta, shi ma ya san na sani, don haka na tsayar da tayina can ƙasa, inda babu mai hankalin da zai sallama. Muddin ba mu daidaita ba, ina da inda zan je da safe, da mutumin da zai yi mini gardama. Ranar da wani saurayi mai sarƙa a wuya ya zo yana shafa motar, wuf na yi na ce masa kalar ba ta dace da shi ba.

Kada ki gaya wa Ekue. Ki gaishe da mutanen gida.

Taki,
Ayoko

Lome, watan Agusta

Da Adaku,

Ina gaishe ki. Allah ya sa kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

An sallama mini.

Ranar Talata ina shiga Fo Mesan ya taro ni yana washe baki. "Mama, kin ci! Sababbi sun iso tashar jirgin ruwa, maigida na neman fili. Na tsaya masa a wuya, na ce tsohuwar nan ta sha zirga-zirga, ranta na kan motar nan. Ko ladana na yafe." Yaron kirki. Saboda ni ya yi, yana ta kallon fuskata yana jiran murna.

Me zan ce? Kin san mu. Mace ta taya da bakinta, a sallama mata, ta zame? Mu da muke bin irinsu da ihu har bakin titi, mu hana kowace rumfa ta ƙara sauraronsu. Ban tsufa a Asigame don in zama ɗaya daga cikinsu ba. Na ce na gode, na biya. Na nemi gyara don kada a ce ban nema ba, ya ba ni lema.

A bayan babbar mota suka kawo ta. Tana tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, an lulluɓe ta. Ekue ya ce na yi ciniki mai kyau, ya ce in ya samu hutu zai zo ya gwada ta, bai ce yaushe ba.

Jiya da safe na tarar da kaina na shirya tsaf, doya a hannu, sai na tafi. Fo Mesan yana tare da wasu mata da miji. Ya ɗago hannu daga nesa ya ce, "Mama, lafiya? Motar ce ta ba da matsala?" Na ce babu matsala. Ya ce madalla, ya koma kansu.

Na ɗan tsaya. Sannan na juya na nufi ƙofa a hankali, ina jan ƙafa yadda mai saye ke yi in yana so a ce masa dawo. Har na kai titi babu wanda ya kira ni.

Ki rubuto mini, ko layi biyu ne. Ko zagina ne ki yi.

Taki har kullum,
Ayoko