Jaridar da Aka Naɗe Ƙosai

Asabar da dare, Kafanchan

Raina a ɓace yake. Emeka mai kayan gyaran mota ya zo gareji da guntun jaridar Turai da aka naɗe masa ƙosai, akwai labarin gwajin motocin tsere kafin a fara gasa. Na ce bana jar motar ce za ta ci. Ya ce, "Oga Bitrus, injinta ba zai kai Ista ba!" Musu ya yi zafi har na ce jabun kaya kawai ya iya sayarwa. Ya fice ba sallama.

Yanzu na haska takardar da fitila, na ga kwanan wata ƙarƙashin maiƙo. Ashe ta shekara uku ce! A kan tseren da aka gama tuntuni na ci mutuncin abokina.