Gashin Wutsiyar Saniyar Baffa

Assalamu alaikum Yaya Hadiza. Ya aiki, ya maigida da yara? Mu nan Toranke lafiya lau.

Abokan aikinki sun zo neman gashin wutsiyar shanu, wai kwamfuta za ta karanta ƙwayoyin halittarsu, a gano dalilin da ya sa cutar sammore ke kashe wasu ta bar wasu. Baffa ya hana, yana tsoron asiri. Ban ga laifinsa ba, garken ya kusa ƙarewa. Da ya ji hannunki gashin zai je, da kansa ya tsigo, yana ba saniyar haƙuri. Ya ce in kin gama ki dawo masa da abinsa, kada bare ya riƙe.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki, Sale