Allon Da Ya Ƙi Nutsewa

Dilimi, Jos
Yuli, 1978

Zuwa ga Balaraba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya Inna da mutanen Bauchi? Ni lafiya, sai kewarki.

Damina ta kankama, gajimare kan sauko har cikin tasha. Nakan zauna a mota ina gyangyaɗi, in ga kamar kin ɓullo ta cikinsa da ƙwaryar fura. Gyangyaɗin ya sami wuri ne don ba aiki. An yi zaɓen ƙungiyar direbobi, irin na tsayawa bayan mutum, ni kuwa da taurin kaina na tsaya bayan Livinus, abokin nan nawa mai kawo miki lemo. Alhaji Lukuman ya koma kujerarsa ta shugaba, yaransa masu gora suna ƙare wa fuskokinmu kallo. Kin san allon Bauchi da ake ɗora wa motar da layi ya zo kanta. Tun ranar bai hau tawa ba.

Mijinki,
Jika

Agusta, 1978

Balaraba,

Barka da sauka! Allah ya raya mana. Yaya jikin?

Da ma murna ce kaɗai a takardar nan. Livinus ya rasu. An ba shi layi wai don sulhu, daga nan ba a sake ganinsa ba, sai a kududdufin haƙar kuza na hanyar Vom, shi da motarsa. Ƙungiya ta ce gida ya nufa birki ya tsinke.

Na je wurin. Ruwan kore shar, ko motsi ba ya yi, ga allon yana yawo a kai. Balaraba, wane direba ne ke fita tasha da allo? Ɗan kamasho kan sauke shi kafin a tayar da mota. Ashe waɗanda suka tuƙo motar zuwa nan ba direbobi ba ne. Duk mun gani, kowa ya sunkuyar da kai. Ni na tsamo allon.

Yanzu ko ido na rufe sai in ga Livinus yana lodi a ƙarƙashin ruwa, yana yafuto ni wai saura mutum ɗaya. Alhaji ya aiko cewa in mayar da allon, gobe layi nawa ne. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Naki,
Jika

Balaraba,

Ina gaisuwa, a shafa mini kan yaron.

Ijeoma, matar marigayin, ta zo da goyonta ta zauna a ƙofarmu. Ba ta tambaye ni komai ba. Na ɗauko allon, muka kai wa 'yan sanda tare, na faɗi abin da na sani.

Da safe na tarar da motata a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Na yi barci ranar, ban yi mafarki ba.

Zan zo suna a motar wani, fasinja. Ki ce wa Inna ta share mini zaure, zan daɗe.

Mijinki har kullum,
Jika