Fiffiken da Baba Ya Goge

Doña Ofelia mai shafin ba da shawara, ki taimake ni kafin Lahadi.

"Shekara biyar a jami'a, ki kawo min karkataccen fiffike?" Da haka mahaifina, Don Evaristo, ya tarbe ni jiya, dutsen guga a hannunsa. Shekara arba'in ke nan yana ƙera ƙananan jiragen katako masu rimot a nan Córdoba. Ni injiniyar jiragen sama ce, amma a garejinsa muƙamina mai zuba masa ruwan shayin mate.

Bana hannunsa na rawa, sai ya bar min haɗa fikafikan sabon jirginsa. Masu siririn baki ne. Irinsu, da an rage gudu za a sauka, a bakin ne iska ke fara sakin fiffiken, jirgi ya kife gefe guda. Shi ya sa da gangan na ɗan murɗa bakunan, goshinsu ya sunkuya kaɗan. Baba ya ɗauka danshi ne ya lanƙwasa katakon, ya sa zafi ya miƙe su sambal. Har da fito yake yi.

Lahadi ne tashin jirginsa na ƙarshe, likita ya ce idon ya gaji. Tsofaffin kulob ɗinsu na masu ƙananan jirage za su zo su gasa nama su yi kallo. Na buɗe baki, ya ce, "Ke dai zuba ruwa, 'yar boko." Na ajiye butar, na ja ƙofa na fito. Makullin garejin yana jakata. In koma in murɗa a ɓoye?

Mai Zuba Ruwa

'Yata, bar makullin nan a jaka. A ɓoye kika yi na farko, ga inda ya kai ku. Mutumin da ya shekara arba'in yana faɗa da karkataccen katako, me kike so ya yi in ya ga karkata ba bayani? Lissafinki daidai ne, shirunki ne kuskure.

Ranar Asabar ki kai shi fili, ku biyu kawai. Ya kai jirgin can sama, ya rage gudu a hankali har jirgin ya kife gefe guda, inda akwai sararin cetowa. Idan idonsa bai kai ba, ki riƙa faɗa masa abin da kike gani. Ba ya jin maganar jami'a, amma zai ji ta jirgi. Daga nan ki miƙa masa dutsen gugan, ya murɗa da hannunsa, ke ki riƙe.

In ya ƙi, ki ce ya sauko da jirgin da gudu, kada ya sha kwana a matse, sannan ki tsaya kusa da shi. Jirginsa ne.

Allah ya sauke shi a kan tayoyinsa.